Filin Kimiyya: Taurin Shasi da Motocin Tsere na Rimot

Wannan wata wani tsohon ɗalibina ne ya ba mu abin magana. Yayansa ya aiko masa da ƙaramar motar tsere daga Jamus, irin wadda ake tuƙawa da rimot, girmanta kashi 1 cikin 10 na motar gaske. Ya zo ya ce mini, "Malam, na ɗaure kowane noti tam, amma da ta shiga kwana sai ta zame."

To, a nan gizo ke saƙa. Shasi shi ne farantin da ake ɗora batir da inji da ƙafafun mota a kansa, kuma a irin waɗannan motoci kaurinsa bai cika wuce milimita 2 zuwa 2.5 ba. Yaronmu ya ɗauka iyakar tauri iyakar kyau. Ba haka ba ne.

Ku dubi teburin aji a kan daɓen da bai daidaita ba. Ƙafa uku na ƙasa, ta huɗu tana reto. Haka shasi mai tauri yake yi a kwalta mai gargada da ƙura: taya ɗaya ta yi sakayau, riƙo ya ragu. In kuwa shasin yana ɗan murɗawa, sai ya taimaki sifirin da shokozoba, tayoyi huɗu su lafe a ƙasa. Shi ya sa gwanaye kan cire noti ɗaya ko biyu daga farantin sama, amma dama da hagu daidai, in ba haka ba motar ta riƙa ja gefe guda.

Sai dai laushin ma da nasa sharri. A Turai da Amurka, inda ake tsere cikin ɗaki a kan kafet lokacin sanyi, taya tana kama ƙasa ƙwarai. A can shasi mai laushi kan yi jinkirin bin sitiyari, wani lokaci riƙon ya yi yawa har mota ta kife a tsakiyar kwana. Don haka da yawa sukan sa na alminiyam a kafet, su bar na zaren kabon don kwalta.

Ni dai abin da na faɗa masa shi ne kada ya ɓarnatar da kuɗin makaranta wajen sayen sabon shasi. Ya sassauta notocin sama, ya danna motar a kan gilashi mai laushin fuska, ya sake ɗaure su a hankali. Sa'an nan ya canza abu ɗaya tak, ya zagaya sau 10, ya rubuta lokacin a littafi kafin ya taɓa wani.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.