Jinjina Ga Masu Mayar Wa Tsiro Sunansa

A shekarar 1949, Calum Maclean, ɗan tsibirin Raasay, ya girka na'urar ɗaukar murya a gaban Angus MacMillan, wani dattijo na tsibirin Benbecula a arewa maso yammacin Sikotland. Tatsuniya ɗaya tak dattijon ya ɗauko cikin harshen Galik, amma ɗaukarta ta ci awa 9, kuma da aka zauna rubuta ta sai da ta kai kalmomi kusan 58,000. A ka yake riƙe da ita, don ya taso a zamanin ɗakin hira, wanda suke kira taigh-cèilidh, inda ƙauye ke haɗuwa da daddare lokacin sanyi, maza na tufka, mata na kaɗi, mai labari na zuba.

Irin su Angus sun ƙare, ɗakin hira ma talabijin ya tashe shi. Waɗanda suka ɗauki kayan a yau masu ba da labari ne masu zaman kansu, ba albashi, ba fansho. Yau makarantar firamare ta gayyace su na safiya ɗaya, gobe su ja ayarin mutane yawon bakin teku, idan watan Oktoba ya kama su gangara Edinbura bikin masu ba da labari. Tsakanin wannan da wancan kuwa, cike takardun neman tallafi ne. Aikin jinga ke nan sak, sai dai gonar da ake nomewa ƙwaƙwalwar al'umma ce. Sannunku da aiki. Ku nake wa wannan jinjina.

Abin da ya fi burge ni a aikinku shi ne yadda kuka fito da labari daga ɗaki kuka kai shi gindin tsiro. Yaro ya saba wuce wata gansakuka mai manne wa dutse bai ko kalle ta ba. Sai ku tsayar da shi ku ce sunanta crotal, da ita kakanninsa ke rina ulu ya yi ja-ja mai duhu, launin da ya yi suna a yadin Harris Tweed. Ku ƙara masa da cewa masunta na gudun sa rigar da aka rina da ita in za su shiga teku, wai abin da ya fito daga dutse dutse zai koma. Daga ranar, wannan dutsen ya daina zama dutse kawai a wurinsa. Haka brisgean, ɗan tsiron da ake haƙar saiwarsa a ci kafin zuwan dankalin Turawa, kuma aka riƙa komawa gare shi duk lokacin da yunwa ta matsa. Wanda ya san matsayin tafasa a shekarar fari ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ga fraoch da ke lulluɓe tsaunuka, ana tufka igiya da shi, ana jinka. Ga ciyawar teku da ake jibgawa a kunyoyi ta zama taki a ƙasar da rabinta dutse ne. Akwai ma wani mai furen ruwan ɗorawa da ake dangantawa da Calum Cille, malamin Kirista da ya sauka tsibirin Iona a 563: ana maƙale shi a hammata kamar laya, kuma sharaɗinsa a yi kiciɓis da shi, ba a fita nemansa. Hatta haruffa 18 na Galik, a al'adance sunayen itatuwa aka laƙaba musu.

Wani zai ce ai wannan duk nishaɗi ne. To, a wancan yanki maganar tsiro maganar ƙasa ce, ita kuwa maganar ƙasa tana da tabo. Daga ƙarshen ƙarni na 18 masu manyan filaye suka riƙa tashin talakawa don su zuba tumaki. A Strathnaver, a 1814, har wuta aka cinna wa gidaje. Waɗanda aka tasa, wasu aka cusa su bakin teku, wasu suka shiga jirgi sai Kanada. Dokar ilimi ta 1872 ta zo ba ta ko ambaci Galik ba. Sai a 1886, bayan boren ƙananan manoma a tsibirin Skye, doka ta hana a kore su daga gonakin haya yadda aka ga dama. An jima kafin reshe ya juya da mujiya: a 1993 manoman Assynt suka sayi eka 21,000, a 1997 mutanen tsibirin Eigg suka haɗa fam miliyan ɗaya da rabi suka sayi tsibirinsu, a 2003 majalisar Sikotland ta ba al'ummu haƙƙin saye, a 2006 mutanen Uist ta Kudu suka biyo sahu. Takardar mallaka ta dawo hannu. Amma takarda ba ta san sunan rafi ba, ba ta san inda ake kai shanu da bazara ba. Wannan gurbin kuke cikewa, kuma mutanen yankin da kansu suna da kalma dominsa, dùthchas, wato haƙƙi da nauyin da ke tsakanin mutum da ƙasar da kakanninsa suka zauna.

Yanzu kuma sai ku gafarce ni, don yabon gwani ba ya hana a nuna masa sauran aiki.

Ƙidayar 2022 ta nuna masu jin Galik a duk Sikotland sun ƙaru, sun doshi 70,000 daga kusan 57,000 a 2011. Amma a tsibiran yamma, cibiyar harshen, sun sauko daga kashi 52 cikin ɗari zuwa 45. Masu koyo a Gilasgo na ƙaruwa, masu shan harshen a nono na raguwa. Tun 2020 binciken da Conchúr Ó Giollagáin ya jagoranta ya yi gargaɗin cewa masu amfani da shi yau da kullum a tsibiran ba su wuce 11,000 ba, yawancinsu dattawa. A irin wannan hali, labarin da aka bayar da Turanci ga 'yan yawon buɗe ido, aka barbaɗa masa kalmomin Galik uku kamar yaji, yana biyan kuɗin haya, na sani, kuma ban ga laifin mai neman abinci ba. Sai dai ba zai sa yaro a tsibirin Lewis ya amsa wa kakarsa da harshenta ba. Wanda ya iya Galik a cikinku ya ware zaman da ba fassara a ciki, ko da mutum biyar ne za su zo. Wanda bai iya ba, kwalejin Sabhal Mòr Ostaig tana nan a Skye tun 1973.

Sannan taskar Tobar an Dualchais ta zuba dubban faifan murya a intanet, daga cikinsu har da waɗanda Makarantar Nazarin Sikotland ta Jami'ar Edinbura ta fara tarawa a 1951. Ni'ima ce, amma tana iya sa mutum lalaci. Ya fi sauƙi ka saurari mamaci a kwamfuta da ka ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwa mai rai, ka sha shayinta, ka jure shirunta har ta buɗe baki. Kuma labarin da kuka ɗauko daga faifai yana da mai shi. Ku faɗi sunansa da ƙauyensa a duk inda kuka bayar, ku nemi jikokinsa ku kunna musu muryar.

Ragowar nauyin kuwa ba naku ba ne ku kaɗai. Ƙungiyoyin da suka sayi filaye da hukumar Bòrd na Gàidhlig, wadda dokar 2005 ta ba ƙarfi, su daina ɗaukar mai labari kamar makaɗin biki da ake sallama da an watse. Tallafin wata shida ba ya isa a shaƙu da ƙauye. A ba shi shekara uku a wuri ɗaya, a ba shi ɗakin kwana, don a Skye gidaje da yawa sun koma masaukin baƙi, har matashin da aka koya wa sunan crotal yana rasa inda zai kama haya a garinsu.