Daga Bakin Teku: Igiyar Bazara Ta Fara Girma, A Kula Da Yara

 Ina fata jama'ar zangunanmu, daga Nima da Sabon Zango da Ashaiman har zuwa Sakunde da Takoradi, kowa na lafiya. Yaya muke fama da zafin bazara? Allah ya saukar mana da damina ta albarka, amin.

To, kamar yadda muka saba, bari mu fara da halin da teku ke ciki. Duk wanda ya leƙa gaɓa daga watan Afrilu zai ga ruwa ya canza hali. Kwanciyar nan da yake yi a lokacin hunturu ta wuce, igiyoyi sun fara girma, kuma haka za su yi ta ƙaruwa har wajen Yuli da Agusta. Ba iskar da ke kaɗawa a nan ce ke tayar da su ba. Can ƙuryar kudancin tekun Atilantika ne sanyi ke shigowa da guguwa a wannan lokaci, igiyar da ta taso kuwa sai ta yi tafiyar dubban kilomita, ba abin da ya tare ta, har ta zo ta fashe a gaɓarmu. Shi ya sa za ka ga gari garau, babu hadari babu iska, amma teku na ruri.

Masu hawan igiyar ruwa da allo kam kakarsu ta yanke saƙa. A Kokrobite, yamma da Ankara, da Busua da ke gaba da Takoradi, tun da sassafe samari ke shiga ruwa, domin kafin hantsi iska ba ta tashi ba, igiya na zuwa sumul ɗaya bayan ɗaya. Da rana ta take sai iskar teku ta taso ta dagula ruwan. Busua ce ta fi dacewa da ɗan koyo, saboda yashi ne a ƙasa, ga kuma ɗan tsibiri a gaba da ke rage ƙarfin ruwan. Wuraren duwatsu irin na Cape Three Points kuwa sai gwanaye. Ruwan da ɗumi yanzu, sai wajen Yuli zai fara sanyi.

Kada wani ya ɗauka wasan nan Turawa ne suka kawo shi. Tun a shekarun 1830 wani Baturen Birtaniya mai suna James Alexander ya rubuta cewa ya ga yara a Ankara suna kwanciya a kan katako igiya na kawo su gaɓa. Daga baya ne Amurkawa suka zo Labadi suka ɗauki wani sashe na fim ɗin The Endless Summer, wanda ya fito a 1966. Mu ma kakanninmu sun yi hulɗa da wannan igiya, amma a matsayin fasinja. Kafin a buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928 da ta Tema a 1962, manyan jirage can nesa suke tsayawa, sai matuƙa kwalekwale su ratsa igiya da kaya da mutane. Ta haka fatake irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa aika goro Ikko. Wato mun fi shekara ɗari muna zaune kusa da teku, amma har yau baƙinsa ne mu. A nan maganar tawa take.

Tun zamanin Rawlings da aka mai da ranakun Sallah hutu na ƙasa, yawon bakin teku ya zama al'ada ga yaranmu. Kashegarin Sallah sai ka ga an cika trotro da samari da 'yan mata, an nufi gaɓa da kiɗa da shewa, alhali a cikin motar da ƙyar ka sami mutum biyu da suka iya iyo. A 'yan shekarun baya kuwa Sallolin biyu sun riƙa faɗowa kusa da lokacin da ruwa ke ƙara ƙarfi. A 2025 ƙarama ta zo a ƙarshen Maris, babba a farkon Yuni. Ga kuma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: teku kan fi cika, ya kuma fi janyewa, a lokacin tsayuwar wata da lokacin cikarsa. Ƙaramar Sallah dai ranar ɗaya ga wata ce, yawon babbar Sallah kuma na kai mu dab da sha huɗu.

Abin ya taɓa faruwa a gidanmu. Wata Sallah na raka yara gaɓa, sai ɗan ƙanwata ya zaɓi wani wuri da ruwa ya kwanta lif, babu igiya, ya ce nan ne lafiya. Ruwan iya ƙugunsa ne. Kafin in juya in amsa gaisuwar wani, yaro ya yi nisa, kansa kawai ake hange. Na tsaya ina salati, ba abin da zan iya, don ni ma ban iya ruwa ba. Wani matashi ɗan garin ne ya bi shi da allonsa, ya ɗora shi, ya zagayo da shi ta gefe. Da na je yi masa godiya sai ya ce mini: "Baba, inda kuka ga ruwa ya yi shiru, nan ne ƙofarsa."

Daga baya na fahimci abin da yake nufi. Duk ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma, sai ya nemi wani ɗan kwari a cikin yashi ya bi da gudu kamar rafi. Gudunsa kan wuce na gwanin iyo, ya kan kuma fi ƙarfi idan teku ya janye. Alamarsa ita ce wuri mai duhu tsakanin fararen igiyoyi, ko inda ka ga kumfa da leda suna tafiya ciki maimakon su fito. Wannan ruwa ba ya nutsar da mutum ƙasa, ja kawai yake yi. Gajiya da firgita ne ke kisa. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi. Ya kwanta rigingine, ya ɗaga hannu, in ya iya iyo ya bi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar. Na tudu kuma kada ya yi tsalle ya bi ɗan uwansa, don sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. Ya jefa masa galan ɗin Kufuor marar komai a rufe, ya kira masunta, a buga 112.

Saboda haka ina roƙon sarakunan zango da limamai da shugabannin samari su sa wannan magana cikin huɗuba da taro kafin Sallah. Kowace mota ta tafi da babba, a ƙirga yara wajen tafiya da dawowa, a tambayi mutanen wurin inda ake shiga. Iyaye kuma, hani kaɗai bai isa ba, yaro zai tafi a ɓoye. Gara a haɗa kuɗi a koya musu iyo, maza da mata, kowa da shigar da ta dace. Bahaushe ya ce iya ruwa fid da kai.

Sai labaran unguwa a taƙaice. Damina na bakin ƙofa, a fito a yashe kwatoci tun da wuri. Ba mu manta da 3 ga Yunin 2015 ba, ranar da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka ci rayuka fiye da 150. Sharar da muke zubawa a kwata ita ce ke bin kogin Odaw ta faɗa teku, don haka bayan ruwan sama mai yawa a bar wanka a gaɓar Ankara na kwana biyu ko uku. Masu shirin biki kuma su saurari sanarwar sarakunan Ga game da hana kiɗa da hayaniya, wanda kan kama daga Mayu zuwa Yuni kafin bikin Homowo. Girmama masu gari na cikin zaman lafiya. Maniyyatanmu kuma Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya.

A nan zan dasa aya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.