YAWON BUƊE IDO A KUFAN MUTANEN DA ALLAH YA HALAKA

 

Ya ku 'yan'uwa matasa, a makon jiya wani abokina da muka yi Islamiyya tare ya turo mini tallar wani kamfanin shirya tafiye-tafiye ta WhatsApp, yana tambayata ko mutum zai iya shiga irin wannan tafiya tunda an haɗa ta da Umra. Tsarin da aka zayyana shi ne a sauka Alƙahira a ga dalar Fir'auna da gawarwakin sarakunan Masar, a wuce Jodan a yi wanka a Matacciyar Teku, a shiga Petra, a kwana a tanti a Wadi Rum, a tsallaka Saudiyya a ziyarci Al'ula da Mada'in Salihu, sannan a ƙarshe a ɗaura harami. Akwai ɗan jagora mai bayani a kowane zango, akwai otal mai tauraro biyar, kuɗin kuwa miliyoyin naira ne. A ƙasan tallar an rubuta cewa wai tafiya ce ta "ibada da nishaɗi."

Na ce masa ya ba ni lokaci. Amsar da na ba shi ce nake son in baje a nan, domin na san ba shi kaɗai aka tura wa ba, kuma ko waɗanda ba su da kuɗin zuwa suna kallon hotunan waɗanda suka je suna haɗiyar yawu.

Da farko mu duba wuraren da aka jera. Masar ƙasar Fir'auna ce da ya ce shi ne ubangiji mafi ɗaukaka. Matacciyar Teku, wadda Larabawa ke kira Bahru Luɗ, yankin mutanen Annabi Luɗu (AS) ne da aka kifar da garuruwansu. Mada'in Salihu ita ce Hijr, mazaunin Samudawa da suka soke taguwa, har akwai sura guda a Alƙur'ani mai wannan suna. Wato dai an tsinto manyan al'ummu uku da Allah Ya ba mu labarin halakarsu, an jera kufansu kamar rumfunan kasuwa, an ce mu biya mu je mu huta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Na san abin da za a ce. Za a ce ai tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma Allah da kanSa Ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa. Gaskiya ne, umarnin ya zo a Ali Imrana, ya zo a An'am, ya zo a Nahli da Namli da Rum. Amma duk wanda ya karanta waɗannan wurare ya san ba a bar umarnin haka kara-zube ba, an ɗaure shi da manufa, ita ce a duba yadda ƙarshen masu ƙaryatawa da masu laifi ya kasance. Bahaushe ma ya ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. To sai mu tambaya, shin wannan tafiya da ake tallatawa an shirya ta ne don mutum ya dawo da tsoron Allah, ko don ya dawo da hotuna?

Ba mu da buƙatar dogon ijtihadi, domin Manzon Allah (SAW) da kansa ya bi ta ɗaya daga cikin wuraren nan. A shekara ta 9 bayan Hijira, a kan hanyar yaƙin Tabuka, cikin tsananin zafi da ƙarancin guzuri, rundunar Musulmi ta biyo ta Hijr. Ya hana Sahabbai shiga gidajen mutanen da aka yi wa azaba sai dai in suna kuka, don kada abin da ya same su ya same su. Ya lulluɓe kansa, ya gaggauta tafiya har ya fice daga kwarin. Ruwan da aka ɗiba a rijiyoyin wurin ya ce a zubar, ƙullun da aka kwaɓa da shi ya ce a ba raƙuma, sai rijiyar da taguwa take sha kaɗai ya yarda a ɗiba. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim. Kuma Musulmi sun riƙe wannan ladabi ƙarni bayan ƙarni, har Ibn Baɗuɗa da ya biyo ayarin alhazan Sham a 1326 ya ba da labarin cewa mutane ba sa ɗibar ruwan rijiyar Hijr duk da ƙishin da suke ciki.

Yanzu ku dubi inda aka kai mu. A 2008 hukumar UNESCO ta sa Hijr cikin jerin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Saudiyya. A ƙarshen 2018 aka fara bikin kaɗe-kaɗe na hunturu a Al'ula, a 2019 aka buɗe bizar yawon buɗe ido, aka gina katafaren zauren waƙa da aka lulluɓe da madubai a cikin kwarin. A Afrilun 2021 mawaƙin Italiya Andrea Bocelli ya yi waƙa a cikin Hijr kanta. Inda Annabi ya rufe fuska ya wuce da sauri, can aka jera kujeru ana tafi.

Ɗan jagora zai ce maka ai kaburburan da aka sassaƙa a duwatsun nan, sama da 100, na Nabaɗawa ne waɗanda suka yi zamani kusa da na Annabi Isa (AS), ba na Samudawa ba ne. Mu ba mu da rigima da masu tono a kan wanda ya sassaƙa wane dutse, wata al'umma tana zama a kufan wata. Abin da muke cewa shi ne wannan kwarin ne Manzo ya bi, kuma hukuncin da ya yanke a kan wurin ne. Bayanin ɗan jagora ba ya shafe hadisi.

A cikin wannan wata na Afrilun 2021 dai, ran 3 ga wata, gwamnatin Masar ta ɗauko gawarwaki 22 na sarakunan da, maza 18 da mata 4, ta sa kowace a motarta ta musamman da aka yi wa ado, da mahaya dawaki da kaɗe-kaɗe, aka harba igwa 21 don girmamawa, Shugaba Sisi ya fito tarya. Daga cikinsu har da Ramsis na Biyu, wanda wasu ke ganin shi ne Fir'aunan Annabi Musa (AS). Ko shi ne ko ba shi ba ne, Allah Ya faɗa a Suratu Yunus cewa Ya tsirar da gangar jikin Fir'auna don ta zama aya ga na baya, kuma a wurin Ya ce da yawa daga mutane gafalallu ne ga barin ayoyinSa. Abin takaicin, sabon gidan tarihin da aka kai su yana Fusɗaɗ, garin da Sahabi Amru ɗan Asi (RA) ya kafa bayan buɗe Masar a wajajen 641, inda masallacinsa yake har yau.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Ba kira nake a rusa komai ba. Amru da Sahabban da ke tare da shi sun ga dalar nan ta Khufu, mai tsayin kusan mita 146 a asalinta, da aka gina da tubalan dutse sama da miliyan 2, kuma sun bar ta a tsaye. A bar ta, hujja ce a kan duk wani mai mulki da yake ji ba zai mutu ba. Rigimarmu da masu wannan kasuwanci ita ce sun ɗauki hujjar Allah sun mai da ita abin alfahari, ta yadda yaro zai tsaya a gabanta yana jinjina wa Fir'auna, ko tunanin talakawan da suka yi dakon duwatsun ba zai yi ba.

Sannan ku lura da wanda ake girmamawa a wannan harka, dutse ne ko ɗan Adam? Da za a gina madatsar ruwa ta Aswan, duniya ta tashi tsaye don ceton gumakan Ramsis na Abu Simbel. Daga 1964 zuwa 1968 aka yayyanka su, aka ɗaga su mita 65 sama, aka sake haɗa su, aka kashe miliyoyin daloli. A daidai wannan lokaci aka tashi Nubiyawa Musulmi sama da 100,000 daga gabar Nilu, na Masar aka kai su Kom Ombo, na Sudan aka kai su Khashm al-Girba, tsohon garin Wadi Halfa ya nutse da masallatansa da maƙabartunsa. A Petra kuwa, a shekarun 1980 aka fitar da ƙabilar Budul daga kogunan da suke zaune aka kai su ƙauyen Umm Saihun, yau 'ya'yansu ne ke jan jakuna da raƙuma suna ɗaukar baƙi. A Disamban 2023 jiragen Isra'ila suka ragargaza Babban Masallacin Umari, mafi daɗewa a Gaza. Ina hayaniyar masu kishin kayan tarihi ta shiga a ranar?

Akwai kuma abin da ɗan jagora zai faɗa maka da murmushi, wanda ya kamata ya sa ka gumi. Zai ce Baturen Suwizalan Johann Burckhardt ne ya "gano" Petra a 1812, alhali Larabawa na zaune a cikinta. Ya shiga ne da shigar Musulmi da sunan Shehu Ibrahim, ya ce ya yi bakancen yanka akuya a kabarin Annabi Haruna (AS). Wata ƙungiya ce a Landan ta aiko shi, kuma ainihin aikin da aka ba shi shi ne ya ratso Sahara ya iso yankin kogin Kwara, wato wajenmu, mutuwa ce ta tare shi a Alƙahira a 1817. Bayansa Clapperton ya iso Sakkwato a 1824 wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Barth ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim yana rubuta duk abin da ya gani. A 1903 sai ga Lugard da igwa. A Wadi Rum za a nuna maka dutse da maɓuɓɓugar ruwa da aka laƙaba wa tarihin Lawrence, hafsan Ingila da ya zuga Larabawa suka yaƙi Daular Usmaniyya. Shekarar da suka ci Aƙaba, 1917, ita ce shekarar alƙawarin Balfour, ita ce kuma shekarar da Janar Allenby ya shiga Ƙudus. Ka biya kuɗinka a kai ka ka yi hoto a sawun wanda ya taimaka aka yanka al'ummarka.

Duwatsun Wadi Rum da sararin samaniyarta halittar Allah ne, kallonsu da tunani ibada ne, ba mai musun wannan. Amma wane tunani za a yi a gabar Matacciyar Teku, wuri mafi kwari a doron ƙasa, sama da mita 400 ƙasa da teku, inda maza da mata ke cakuɗe rabin tsirara suna shafa taɓo suna dariya? A Suratus Saffati Allah Ya tunatar da Ƙuraishawa cewa suna wuce kufan mutanen Luɗu safe da dare, Ya tambaye su ko ba sa hankalta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da aka tsallake. Tsakanin Matacciyar Teku da Petra, kusa da garin Karak, akwai Mu'uta, inda a shekara ta 8 bayan Hijira Zaidu ɗan Harisa da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha (RA) suka karɓi tuta ɗaya bayan ɗaya har suka yi shahada. Na duba tallar nan sama da ƙasa, babu Mu'uta. An ware yini guda don taɓo, ba a ware sa'a guda don shahidai ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wanda ya tsara hanyar da abin da yake so ka manta.

Su wa za su iya biya ma? A ƙasar da mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, a ƙasar da tun cire tallafin mai a 2023 magidanci ke fita da asuba don kada yara su tambaye shi kuɗin koko, wanda zai ƙirga miliyoyi don yin iyo a tekun Luɗu mun san ajinsa. Su ne ya fi kamata su tsaya gaban gawar Fir'auna su yi kuka. Sai dai an manna Umra a wutsiyar tafiyar don ta zama sabulun wanke ta.

Kakanninmu sun yi tafiyar ƙasashe da yawa tun kafin a ƙirƙiro kamfanonin nan. Sun ratsa Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, shekara da shekaru, suna neman Ɗakin Allah. Bayan shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har gabar Shuɗin Nilu don kada su zauna ƙarƙashin Nasara, garin Mai Wurno yana nan a Sudan. Su ma sun ga garuruwa da duwatsu da koguna, amma sun san abin da ya fitar da su daga gida.

Saboda haka abin da na ce wa abokina, shi nake ce muku. Wanda Allah Ya hore wa, ya yi Umrarsa tsantsa, rarar ya duba marayun unguwarsu. Wanda karatu ko sana'a ta kai shi waɗancan wurare, ya shiga da ladabin da Manzo ya koyar, ya yi tunani, ya yi istigfari, ya wuce. Mu kuma da ba mu da kuɗin jirgi, izina ba ta yi mana nisa ba. Ku haɗa kuɗin mota, ku nemi malamin da ya san tarihi ya zama jagoranku. Ku je Ɗegel inda Shehu Usmanu ya karantar, ku je Gudu inda ya yi hijira a 1804, ku je Tafkin Kwatto inda jama'a kaɗan ta rinjayi rundunar Gobir, sannan ku ƙarasa Alƙalawa ku tsaya a kufan birnin Yunfa da ya faɗi a 1808, ku tambayi kanku ina dawakinsa, ina fadawansa.

Allah Ya buɗe mana idanun zukatanmu, Ya sa mu cikin masu wa'aztuwa da na baya, kada Ya sa mu zama wa'azi ga na gaba.