Bokan Kannywood da jan ƙyallensa

Jama'a, a daina raina mana hankali. Duk fim ɗin Kannywood da aka ce ya tona asirin masu ci da addini, boka za ka gani a kogo, da jan ƙyalle da ƙwarya. Wa ke zuwa kogo yanzu? Ku zaga tashar Utako ku karanta takardun "mallakar miji" da ke manne a bango. Manyansu kuwa suna falo mai sanyi da carbi, lokacin zaɓe su sa wa mai tsoka albarka.

A jihar Kerala ta Indiya an yi fim ɗin Trance a 2020, Fahadh Faasil ya fito a faston bogi da 'yan kasuwa suka horar don ya sayar da waraka. Kuma an haska shi a sinima.

Mu fa? A 2016 malamai suka yi ca, gwamnatin tarayya ta janye alƙaryar fim ta Kofa. Wane furodusa zai taɓa rawani bayan wannan?

Da na kawo maganar a aji, wani ya ce zagin malamai nake. Malam, ɗan damfara na ce. Kai ka kira shi malami.