Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Jinyar 'Yan Shaye-shaye

'Yan'uwa, likitoci da ma'aikatan jinya da masu ba da shawara.

Rahoton 2018 na hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya. Jami'o'i na son nazarin wannan, don haka ba za ku rasa baƙi masu ɗauke da takardun tambayoyi ba. Ku karɓe su hannu bibbiyu, amma kada ku yarda aikinku ya tsaya ga tara musu majinyata.

Amurka ta sha matsalar giɓi tsakanin jami'o'i da masu jinya. Ana gano magani a asibitin jami'a, amma ya kasa isa cibiyoyin unguwa. A 1999 hukumar NIDA, mai binciken shaye-shaye a ƙasar, ta kafa tsarin da kowace shiyya ke da jami'a mai jagoranci, tare da cibiyoyin jinya na cikin al'umma. Abin da ya fi burge ni shi ne masu jinyar suna zama a kwamitin da ke zaɓar abin da za a bincika.

Ga irin abin da ya haifar. A wani gwaji da aka wallafa a 2005, a cibiyoyi 8, duk mai shan hodar iblis ko makamanciyarta da gwajin fitsarinsa ya fito tsaf, sai ya zari 'yar takarda daga kwano, ko ya dace da kyauta. Kashi 49 cikin ɗari suka kammala makonni 12, a rukunin da ba a ba wannan damar ba kuwa kashi 35. To, a Kano ko Sakkwato, shin uban yaro ba zai ce wannan caca ce ba? Farfesa na iya mantawa da wannan tambaya. Ku da kuke zama da iyaye kullum ba za ku manta ba, kuma ku ne za ku san yadda za a sauya tsarin ya karɓu.

Saboda haka ku je da taku tambayar. Me ya sa yaron da ya bar tiramol yake komawa bayan sallama? Ina matan da ke shan kodin a ɗaka, da kunya ta hana a kawo su?

Kafin a fara bincike, a rubuta yarjejeniya: wa ke riƙe bayanan, sunan wa zai fito a rahoton, yaushe za a dawo muku da sakamako. Takardar amincewa ta kasance da Hausa, a karanta wa wanda bai iya karatu ba. Wanda danginsa suka kawo shi dole, ku tabbatar ya san yana iya ƙin shiga bincike, jinyarsa kuma ta ci gaba.

Sai rajistarku. Ku riƙa rubuta abin da mutum yake sha, ranar da aka sallame shi, da halin da yake ciki bayan wata uku, ko da ta waya kuka ji.