Ƙarfin ruwan famfo: gyara naka, kada ka cuci maƙwabci

Ya kai mai karatu, in kana da famfo a gida, ka san halinsa. Da rana ruwa na zuwa kamar hawaye. Cikin dare kuma sai ya zo da ƙarfi, har tiyo ya fashe. Me ke kawo haka?

Dubi shato, babban tankin ruwan nan da ke bisa. Daga can ruwa ke gangarowa zuwa gidaje. Tsawon shato shi ke ba ruwa ƙarfi. Ana auna ƙarfin da awon da ake kira bar. Tsawon mita 10 na bada kusan bar 1. Bar 3 ya ishi gida. Da rana kowa na ɗiba, sai ƙarfi ya ragu. Da dare mutane sun yi barci, sai ya ƙaru. Gidan da ke kwari ya fi na tudu samun ƙarfi.

In ruwanka ya raunana, kada ka yi saurin fushi. Fara duba babban makullin da ke kusa da kontar, ko a buɗe yake duka. Kwance bakin famfo ka wanke, don yashi na toshe shi. Bayan haka rufe duk famfunan gida, ka tsaya gaban kontar. In tana juyawa, to akwai inda ke yoyo. Kuɗinka ne ke shiga ƙasa. Kira mai gyaran famfo.

In kuwa ƙarfin ne ya yi yawa, wasu kan rage makulli. Wannan yana rage gudun ruwa ne kawai. Da ka rufe famfo, ƙarfin zai koma yadda yake. Maganin shi ne ƙarfen rage ƙarfin ruwa. Ana ɗaura shi bayan kontar, mai gyara ya daidaita shi. Sayensa ya fi sauyin tiyo kullum sauƙi.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. In bazara ta yi, wajen watan Afrilu da Mayu, ruwa kan yi ƙaranci. Mutanen Damagaram sun fi kowa sanin haka. Sai wani ya sayo injin jan ruwa, ya haɗa kai tsaye da tiyon unguwa. Shi gidansa ya cika. Maƙwabta kuma sai famfonsu ya bushe. Matansu da ƴaƴansu su ɗauki bido su shiga gari, ko su sayi na ƴan garuwa da tsada.

Za ka ce: "Ai kuɗina nake biya." Gaskiya ne, ka biya abin da kontar ta ƙirga. Amma rabon maƙwabcinka ka janye. Kuma in akwai tsaga a jikin tiyo, jan injin na iya tsotso ƙazamin ruwan ƙasa. Shi za ku sha, kai da iyalinka. Daga nan sai zawo.

Ga hanya mai kyau. Aje tano mai murfi, ko tanki. Tara ruwa da dare lokacin da yake da ƙarfi. In kana son inji, haɗa shi da tankinka, ba da tiyon jama'a ba. In duk unguwa ce ba ruwa, ku haɗu ku je wajen kamfanin ruwa tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yau da dare, rufe famfunanka ka duba kontar. Gobe da safe ka tambayi maƙwabcinka ko shi ma ya samu ruwa.