Littafi da Na'ura: Koyon Tsara Manhaja da Zane a Ƙaura Namoda

Tsara manhaja da zane hanya ce ta ba kwamfuta umarni ba tare da rubuta layukan kalmomi ba: ana jera akwatuna a kan allo, a haɗa su da wayoyi, bayanai su bi waya daga wannan akwati zuwa wancan. Fitacciyar manhaja a fannin ita ce LabVIEW, wadda kamfanin National Instruments na Amurka ya fitar a 1986 domin aune-aune da sarrafa na'urori. Fuska biyu gare ta, ɗaya mai maɓallai da ma'aunai, ɗaya mai zanen da ke tafiyar da aikin. Ƙa'idarta ita ce akwati ba ya aiki sai duk bayanan da yake jira sun iso. A nan littafi ya fi bidiyon intanet, domin bidiyo yakan nuna inda za a latsa ne kawai, littafi kuwa yana faɗin dalili. Sai dai karatu babu na'ura a hannu ba ya zama a kai. Ya kamata ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ya rufe kowane babi da gwaji: auna zafi a rumbun hatsi, ko kashe famfon rijiyar burtsatse idan tanki ya cika, buƙatar da ake da ita har Shinkafi da Zurmi. Ƙaramin allon lantarki na Arduino mai araha ya isa farawa, kuma tun 2020 akwai LabVIEW na kyauta ga mai koyo a gida.